Tayoyin Gold Wing ɗina sun cinye, wacce zan saka kafin damina ta kankama?

Baban_Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar manya nake nema. Mashin ɗina Honda Gold Wing GL1800 ne, ƙirar 2012. Shekara biyu ke nan da saye, kuma tayoyin da na same shi da su nake takawa har yau. Ta baya ta shafe a tsakiya, ta gaba kuma in na shafa ta da hannu sai in ji tudu da kwari kamar haƙoran zarto. A Gwarinpa nake, amma kusan duk ƙarshen wata ina hawa Jos gaida Hajiyarmu, ta Keffi da Akwanga, galibi da uwargida a baya da akwatuna cike da kaya.

Na zaga na tambaya. Wani ya ce zai kawo mini sababbi daga Legas, amma kuɗin ya ɗaga mini hankali. Wani kuma yana da ta baya 'yar Beljiyom, zanenta kamar ba a taɓa takawa ba, a ƙasa da rabin wancan kuɗin. Sai wani abokina ya ce in bar wahala in saka tayar mota a baya, wai haka masu irin mashin ɗin suke yi a Amurka. Don Allah wanda ya san kan abin ya faɗa mini gaskiya, don ba ni kaɗai nake hawa ba.

Garba_FJR:
Wa alaikumus salam. Kafin komai, Alhaji, ka koma wajen mai 'yar Beljiyom ɗin ka duba gefen tayar. Akwai rubutun da ya fara da DOT, ƙarshensa lambobi huɗu ne. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Ka turo mana su.

Injiniya_Bukuru:
Baban Khalifa, bari in fara da abin da kamfanin ya rubuta wa wannan mashin, don a kansa za a ɗora sauran magana. Gaba 130/70R18 63H, baya 180/60R16 74H. Mutane suna haddace 180/60 da 16 ɗin, su manta da 74H, alhali a mashin mai nauyi shi ne jigon. 180 faɗin tayar ne da milimita, 60 tsayin gefenta ne a matsayin kashi 60 cikin ɗari na faɗin, 16 girman wili ne da inci. Shi kuwa 74 nauyin da tayar za ta iya ɗauka ne, kilo 375. Na gaba, 63, kilo 272 ne. H kuma gudun da aka gwada ta a kai, kilomita 210 a awa.

Yanzu yi lissafi. Mashin ɗinka da mai a tanki ya haura kilo 400 kafin kowa ya zauna. Ka ɗora kanka, ka ɗora uwargida, ka ɗora kaya, kun doshi kilo 600. Mu ɗauka kashi uku cikin biyar na wannan yana kan tayar baya, tunda ita uwargida da akwatunan duk a kanta suke. Kilo 360 ke nan fa. Ka ga tsakaninka da 375 ba wani nisa. Shi ya sa duk tayar da lambarta ta gaza 74 kada ma ka tsaya ciniki, ko da girman ya yi daidai, ko da kyauta ce. In ka samu wadda ta fi 74 babu laifi, ƙasa ne ba a sauka.

Dan_Rikkos:
Allah ya saka da alheri Injiniya. Ni wallahi na ɗauka lambar nan ta kamfani ce kawai, ta lissafin kayansu.

Alh_Sale_GL1500:
Ƙarin bayani a kan na Injiniya. Ka lura da harafin R ɗin nan, radiyal yake nufi, wato tayar da zaren cikinta ya ratsa kai tsaye daga baki zuwa baki. Nawa tsohon ne, GL1500, kuma tayar gabansa 130/70-18 ce, girma ɗaya da taka sak, sai dai tawa ba radiyal ba ce, irin saƙar da ake yi a karkace ce. Mai shago zai iya miƙo maka ita da zuciya ɗaya ya ce ai ga ta Gold Wing, kuma bai yi ƙarya ba, ta Gold Wing ce, amma ba ta naka ba. In ka ga ɗan layi ko harafin B a inda R ya kamata ya zauna, mayar masa. An ƙera naka ne a kan radiyal gaba da baya, kada ka gauraya.

Baban_Khalifa:
Na gode ƙwarai. Malam Garba, na kira mutumin ya duba, ya ce 3616 ne a jiki.

Garba_FJR:
Mako na 36 na shekarar 2016. Ta haura shekara takwas. Ka bar masa kayarsa.

Malam_Audu_Zuba:
Ni ban yarda a yanke hukunci da sauri haka ba. Ba kowa ne ke da kuɗin sabuwa ba, kuma mu da muke harkar kaya mun san akwai 'yar Beljiyom da ta fi wata sabuwar da ake kawowa mai sunan da ba wanda ya taɓa ji. Can Turai mutum zai saka taya, mashin ya kwana a gareji duk lokacin sanyi, ya sayar da shi tayar ba ta yi komai ba. Babu rana mai zafi irin tamu da za ta gasa ta. Na taka irinsu a ƙaramin mashin ɗina shekara da shekaru lafiya lau.

Garba_FJR:
Malam Audu, da girmamawa, kai da bakinka ka ce ƙaramin mashin. Ni zan ba ka nawa labarin. Shekarun baya na sayi irin wannan a wani shago, zane cike, ko gashin roban nan na gefe bai gama kakkaɓewa ba. A busasshiyar kwalta ban ji komai ba. Ranar da aka yi ruwan farko ina dawowa daga Bukuru, na taɓa birki a hankali kafin shataletale, sai bayan mashin ya wuce gefe kamar na taka sabulu. Allah ya kiyaye ban karye ba, amma na bar fatar gwiwata a wajen. Da muka cire tayar na danna farce a jikinta, kamar katako. Roba tana bushewa ko ana takawa ko ba a takawa, kuma ba ka ganin hakan da ido. Sannan ba ka san me ya sa aka cire ta ba. Ko ta daki wani abu zaren ciki ya tsinke, ko an taka ta ba iska, wa zai faɗa maka?

Kawu_Bala:
Ai ma shigo da tsofaffin tayoyin mota da na mashin haramun ne a dokar kwastam, suna cikin jerin kayan da aka hana. Kuma jami'an kiyaye haɗurra sun daɗe suna wayar da kai cewa taya shekara huɗu take yi daga ranar ƙira.

Injiniya_Bukuru:
Kawu, gaskiya ne haka FRSC, wato hukumar kiyaye haɗurra, suke faɗa. Su kuma Michelin abin da suke cewa shi ne, in taya ta kai shekara biyar ana amfani da ita a riƙa kai wa masani ya duba duk shekara, in ta kai goma daga ranar ƙira a cire ko da zanen yana nan. To ko wanne ka ɗauka, wannan ta 2016 ba ta tsira ba. A na farko ta daɗe da wucewa, a na biyu kuma tana bakin ƙofa, kuma kai yanzu za ka fara takawa.

Malam_Audu_Zuba:
To na ji, a kan wannan guda ɗayar na sauka. Amma ku sani da ana yin taya a ƙasar nan da duk ba mu shiga wannan ba. Michelin na da masana'anta a Fatakwal suka rufe a 2007, Dunlop ma suka daina yi a Legas bayansu kaɗan. Yau komai sai an nemi dala.

Alh_Sale_GL1500:
Ko lokacin da suke yi ɗin, Malam Audu, irin tayar waɗannan manyan mashinan daga waje muke samu. Mu nawa ne masu hawansu a ƙasar gaba ɗaya?

Turbo_Maitama:
Ku bar zancen Beljiyom, ku zo kan tayar mota, don na ga kowa ya tsallake ta. Ni ita ce a bayan GL1800 ɗina yanzu haka, 195/55R16, irin wadda ko ta sace za ta kai ka gari. Tana ɗaukar nauyi fiye da ta mashin, tana daɗewa ninki, kuma duk garin da ka shiga a ƙasar nan za ka samu tayar mota mai wili 16. Ka je Gwantu ka ce kana neman 180/60R16 ka ga ko akwai wanda zai gane me kake nufi. Na je Kano da ita, na je Ilori, ban ga matsala ba.

Mai_Faci_FarinGada:
Oga Turbo, ni aikina ke nan, shekara goma sha ina cire taya ina sakawa, kuma an taɓa kawo mini irin wannan aikin na ƙi. Dalilina biyu. Bakin tayar mota da bakin wilin mashin ba a yi su don juna ba, ko da duka an rubuta 16. Sai ka yi ta bunƙa mata iska fiye da ƙima kafin ta zauna, kuma mai tsaye a kanta a lokacin ni ne. Na biyu, ka ajiye tayar mashin a ƙasa ka kalle ta, bayanta a zagaye yake kamar ƙwarya, don in mashin ya kwanta a kwana roba ta ci gaba da kama ƙasa. Ta mota shimfiɗaɗɗiya ce. In ka kwantar da mashin sai ya hau kan gefenta.

Turbo_Maitama:
Gefen yana lanƙwasawa ya bi ƙasa, ba kamar yadda kake zato ba. Kwana biyu za ka yi ka saba.

Garba_FJR:
Kano da Ilori ka ce. Hanyar Kano a miƙe take kamar an ja zare. Shi wannan bawan Allah Hawan Kibo yake bi duk wata, da iyali a baya. Ka sauko daga Riyom ka shiga kwanonin nan, tirela a gabanka tana hayaƙin birki, baƙin mai ya zuba a kwalta, ga ruwa, ga rami a tsakiyar kwana da sai ka sauya layi kana kwance. A nan ne kake so mashin ya bi ka ba gardama. Ita tayar mota kullum so take ta miƙar da mashin tsaye, kuma in gefe ɗaya ya hau tudun kwalta sai ta ja ka. Sabon da kake faɗa, ai sabo ne da yin kokawa da kan mashin. Babu kamfanin taya ko na mashin da ya amince da wannan haɗin.

Turbo_Maitama:
Na bi Hawan Kibo da ita sau biyu. Amma gaskiya ni kaɗai ne, kuma da rani. Ba zan ce wa mai goyon iyali lallai ya yi ba. Na dai faɗi abin da na gani.

Maman_Ilham:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba tuƙi nake ba, a baya nake zama, maigidana ne ke cikin wannan zaure na karɓi wayarsa. Mu na baya muna jin abin da ku ba ku ji. Lokacin da tayar bayanmu ta shafe a tsakiya, duk kwanar da za mu shiga sai in ji mashin ya tsaya tsaye, sannan ya faɗa gefe gaba ɗaya lokaci guda. Na yi ta faɗa masa yana cewa tsoro ne. Da aka sauya taya, tun daga shataletalen farko na ce masa yau lafiya. Baban Khalifa, ka tambayi uwargidanka abin da take ji a kwana, za ta ba ka labari. Kuma don Allah kuɗin da za a rage a taya a rage shi a wani wajen.

Baban_Khalifa:
Hajiya, kamar kin san abin da ake ciki. Ta faɗa mini haka tun watan jiya a hanyar Akwanga. Na ajiye maganar Beljiyom. Ta mota ma zuciyata ba ta kwanta ba, Oga Turbo ka yi haƙuri. To a cikin sababbin, wacce? Kuma dole ne in sauya duka biyun? Ta gaban da sauran zane.

Injiniya_Bukuru:
Waɗanda na san ana yi da girman mashin ɗinka: Bridgestone Exedra G709 a gaba da G704 a baya, waɗannan suna cikin tayoyin da GL1800 ke fitowa da su daga kamfani. Akwai Dunlop Elite 4, ta bayanta roba iri biyu ce, mai tauri a tsakiya don ta daɗe a miƙaƙƙiyar hanya, mai laushi a gefe don kwana. Akwai Metzeler ME888, akwai Avon Cobra Chrome. Duk cikinsu babu ta banza. Wanda ya fi yawan doguwar tafiya da kaya zai ji daɗin mai roba biyun, don tsakiya ce ke fara tafiya. Ni a wurina wadda ka samu gaba da baya iri ɗaya, da sabuwar ranar ƙira, daga hannun wanda in an samu matsala za ka iya komawa wajensa, ita ce ta fi, ko wane suna ne a jiki.

Sadiq_RT:
Ni Michelin Road 6 GT nake sakawa a mashin ɗina BMW R1200RT, a ruwa ban taɓa taka irinta ba. Ka nemi ita.

Garba_FJR:
Sadiq, ba za ta shiga ba. Ni da kai wilinmu 17 ne gaba da baya, 120/70 da 180/55. Nasa 18 ne a gaba, 16 a baya. Amma ka taɓo abu mai amfani ga masu irin namu: wannan GT ɗin da ke ƙarshen sunan ba ado ba ne, ita ce wadda aka ƙarfafa wa jiki don manyan mashinan tafiya. Akwai Road 6 wadda ba GT ba, girma ɗaya, an yi ta ne don mashinan da ba su kai namu nauyi ba. Masu BMW RT da Yamaha FJR a riƙa dubawa.

Sadiq_RT:
Na gode yayana, ban lura da girman wilinsa ba.

Alh_Sale_GL1500:
A kan tambayarka ta biyu, sauya duka. Wannan tudu da kwarin da ka ji a ta gaba ba ya gyaruwa, kuma shi ne ke sa kan mashin rawa in ka sassauta hannu kana rage gudu. In ka saka sabuwa mai zagayayyen baya a baya ka bar wannan a gaba, rabin gyara ka yi. Kuma tunda za a cire wilin gaba, a ɗaga mashin a duba boris ɗin wuya da na wili. In wuya ya yi sako-sako sabuwar ma haka za ta cinye.

Sannan in tambaye ka, iska nawa kake sakawa?

Baban_Khalifa:
Gaskiya Alhaji, duk abin da mai faci ya saka. Yakan ce 35 gaba da baya.

Alh_Sale_GL1500:
To ga inda tayarka ta tafi. Naka 36 ne a gaba, 41 a baya, kuma da sanyin taya ake aunawa, kafin ka fita, ba bayan ka yi tafiyar awa guda ba. Akwai takarda manne a jikin mashin da ta faɗi haka. Taya mai ƙarancin iska a ƙarƙashin kilo 600 tana lanƙwasawa tana miƙewa duk juyi ɗaya, tana ɗaukar zafi, ga kwaltar Keffi da rana tsaka. Kilo 375 ɗin da Injiniya ya faɗa ma sai da cikakkiyar iska take ɗaukarsa. Ka sayi gejinka na kanka ka ajiye a akwati.

Mai_Faci_FarinGada:
Wannan gaskiya ne, kuma ba na jin haushi. Yawancinmu da motoci muka saba, gejin wani ma ya faɗi ƙasa sau ɗari. Mai mashin ya zo da nasa ya fi mana sauƙi.

Dan_Rikkos:
Tambaya: in ya auna a Abuja da zafi, ya kwana a Jos da sanyin hunturu, da safe ba zai ga ta ragu ba? Sai ya ƙara?

Injiniya_Bukuru:
Zai iya ganin ta sauka kaɗan, don sanyi na rage ta. Amma Jos ta kai wajen mita 1,200 a sama, ta fi Abuja tudu sosai, kuma in ka hau tudu geji yakan nuna ƙari kaɗan saboda iskar waje ta yi sauƙi. Ɗaya na ja ƙasa ɗaya na ja sama. Ka auna da safe, in ta gaza ka cike zuwa 36 da 41. Abin da ba a yi shi ne ka tsaya a Akwanga taya da zafi, ka ga ta hau, ka sace iskar. Hawan nan na zafi an san da shi.

Mai_Faci_FarinGada:
Tunda an zo wajen sakawa, ga nawa. Akwai kibiya a gefen taya da ke nuna inda za ta juya, ka tsaya ka gani da idonka kafin a mayar da wili. A sauya bawul duk lokacin da aka sauya taya, na irin mashin ɗin nan a lanƙwashe yake kuma gindinsa na roba yana tsagewa in ya tsufa. Kada ka bari a sa wa wilinka ƙarfen cire tayar mota ba kariya, alminiyom ne, zai ci bakin. A yi balansin. Natin baya guda biyar a ɗaure su da sifana mai awo, ba a hau kai da ƙafa ba. In ka fita kuma, kilomita 150 na farko ka bi a hankali, sabuwar taya na da santsi kafin fuskarta ta goge. Kada ka saka ranar Juma'a ka kama hanyar Jos ranar Asabar da goyo.

Kawu_Bala:
In ƙusa ta shiga sabuwar fa? Ni abin da ke hana ni sayen mai tsada ke nan. Wata ɗaya ƙusa ta gama da ita.

Mai_Faci_FarinGada:
In a tsakiyar zane ne kuma ramin ƙarami ne, ana cire tayar a yi facin ciki mai kan naman kaza, yana riƙewa. Igiyar nan da ake cusawa daga waje ta kai ka gari ce kawai, ba ta zama ba. In a gefe ne kuwa babu faci, ko wa ya ce maka zai iya.

Baban_Khalifa:
Ga inda aka kwana. Na kira na Legas na ce ya ɗauko mini hoton gefen kowacce. Yana da G709 da G704. Ta baya ranar ƙirarta ta bara ce, amma ta gaba 1422 ce, ya ce tun da aka kawo ta tana cikin leda a sito. Yana kuma da Elite 4 ta gaba sabuwa fil, sai dai babu ta bayanta sai wani watan. In haɗa Dunlop a gaba da Bridgestone a baya, ko in karɓi ta 2022 ɗin, ko in jira?

Garba_FJR:
Ni jira zan yi. Wata ɗaya ne, ka je gaida Hajiya a mota wannan karon.

Injiniya_Bukuru:
Ni kuma zan karɓi ta 2022 ɗin in har ajiyar ta yi kyau, ba rana, ba kusa da janareta ko mai ba. Tayar da ba a taɓa hawa ba, a inuwa, ba ɗaya take da wadda ta sha hanya ba, kuma yadda kake tafiya za ka cinye ta kafin tsufa ya kama ta. Gaurayawar ce ban so, don kowane kamfani yana daidaita zagayen ta gaba da ta bayansa ne.

Kawu_Bala:
Amma Injiniya, da lissafin shekara huɗun nan, ta 2022 za ta jawo masa magana a hanya.

Alh_Sale_GL1500:
Sito a Legas kuma? Wane irin sito, mai rufin kwano? Ka ce ya ɗauki hoton wajen da take ajiye, ba tayar kaɗai ba. Kuma ya lanƙwasa gefen da hannu ya ɗauka kusa, mu ga ko akwai ƙananan tsaga.

Turbo_Maitama:
In ka yanke shawarar jira, kada ka hau wannan shafaffiyar zuwa Jos a cikin ruwan nan. A kan wannan kam ni da Malam Garba bakinmu ɗaya.

Baban_Khalifa:
Ba zan hau ba in sha Allahu. Na tura masa saƙon Alhaji Sale, ya ce sai gobe in ya buɗe shago. Mai Faci, in tayoyin sun iso, kana da injin balansin da ke kama wilin mashin, ko in nemi wani a nan Apo?